Kayak a saman mota: tambayoyi da amsoshi kan yadda za a tsare shi daga ɓarayi

Duk ranar da na ɗora kayak a saman mota na nufi Tafkin Jabi, sai na sha tambaya. A gidan mai a tambaye ni, a danja a tambaye ni, har a ƙofar masallaci. Yawanci tambayar ita ce, "Malam, wannan kwale-kwale ne ko mene ne?" Sai in ce kwale-kwale ne siriri na mutum ɗaya ko biyu, ana tuƙa shi da filafili mai baki biyu. Asalinsa na mutanen Inuit ne na can ƙuryar arewacin duniya, waɗanda suke yin sa da fatar dabbobin ruwa. Na yanzu yawanci da roba mai kauri ake yin su, irin wadda ake yin tankin ruwa da ita.

Waɗanda suka mallaki nasu, ko suke shirin saye, tambayarsu daban ce. Su abin da ya dame su shi ne yadda mutum zai bar shi a kan mota, ya shiga wani wuri, ya fito ya tarar da abinsa. Tambayoyinsu ne na tattara a nan, na amsa da abin da na sani da abin da na gani.

Wai da gaske akwai mai satar kayak a Abuja? Ina ma zai kai shi?

Akwai, sai dai ba lallai ne ya san sunan abin da ya ɗauka ba. Kayak na shaƙatawa yakan kai mita 3 zuwa 4 a tsawo, nauyinsa kilo 20 zuwa 30. Mutum biyu za su sauke shi daga kan mota kafin ka gama biyan kuɗin ruwan gora a kanti, majiyi ƙarfi ma shi kaɗai zai iya. Da mota a-kori-kura a gefe, an gama.

Inda za a kai shi kuwa ba ya wuya. Akwai mai kamun kifi da zai so shi, akwai mai wurin shaƙatawa a bakin ruwa, akwai mai sayen roba a kan kilo wanda za a kai wa shi a daddatse. Wannan na ƙarshen shi ya fi ƙona mini rai, domin abin da ka tara kuɗi wata da watanni ka saya, za a sayar da shi a kuɗin tsohon bokiti.

Amma a ganina, abin da ya fi yawan ɓata ba kwale-kwalen ba ne. Ƙananan kayan da ke tare da shi ne: filafili, rigar ruwa mai hana nutsewa, kujera, bel ɗin ɗauri.

Bel ɗin da na ɗaure shi da shi bai isa ba?

Bai isa ba. Aikin bel shi ne hana iska da gargada su raba kayak da mota. Reza ta naira kaɗan za ta yanke shi, kuma ma ba sai an yanka ba, danna maɓallin ƙarfen kawai za a yi ya saki. Ɗauri daban, kulli daban. Kowanne da aikinsa, kuma ɗaya ba ya tsaya wa ɗaya.

To da me zan kulle shi?

Ya danganta da irin kayak ɗinka, domin matsalar kwale-kwale ita ce sumul yake, ba shi da inda za a saƙala kwaɗo kamar keke.

Idan naka irin wanda ake zama a samansa ne, ka huta. Akwai ramuka da suka ratsa shi daga sama zuwa ƙasa, waɗanda ruwan da ya fantsamo yake zurarewa ta cikinsu. Ka zura wayar ƙarfe mai rufin roba ta ɗaya daga cikin ramukan, ka zagayo da ita ta ƙarfen kariyar mota, wato abin ɗaukar kaya na saman mota, ka haɗa bakin biyu da kwaɗo. Duk mai son raba su sai ya yanke wayar ko ya fasa kwale-kwalen. Abu ɗaya za ka kula da shi: bangon waɗannan ramuka bai kai sauran jiki ƙwari ba, don haka kada ka ɗame wayar har ta riƙa cin robar. A bar ta ta zauna, ba ita ce ke riƙe nauyi ba.

Idan kuma irin wanda ake shiga cikinsa a zauna ne, babu rami. A nan ake amfani da waya mai zarge biyu. Wayoyi ne guda biyu, kowacce da zarge a bakinta. Ka sa zarge ɗaya ta hancin kayak, ɗaya ta wutsiya, ka ja kowanne zuwa tsakiya har ya cije a inda jikin ya fara faɗi. Sauran tsawon wayar ka naɗe shi a ƙarfen kariya, ka yi ta naɗewa har sai babu sauran sako-sako, sannan ka haɗa su da kwaɗo. Dabarar ita ce, tsakiyar kayak ta fi zargen faɗi, ba zai wuce ta can ba, kuma wayar ba ta da rarar da za a ja zargen baya a fitar da shi ta baki. Duk sirrin yana cikin wannan rarar. Na taɓa ganin wani ɗan'uwa a bakin Jabi ya kulle nasa haka, da kwaɗo mai tsada, amma ya bar rarar waya kusan kamu biyu. Na nemi izininsa, na ja zargen hancin da hannu ɗaya, ya zame ya fito. Bayan ka kulle, ka gwada sace shi da kanka. In ka iya, wani ma zai iya.

Akwai kuma bel mai makulli, wanda aka saƙa siraran wayoyin ƙarfe a cikinsa, maɓallinsa kuma yana kulluwa da ɗan makulli. Kamfanoni irin su Thule da KanuLock suna yin sa. Yana da kyau wajen tsayawar minti goma ko ashirin, domin wuƙa ba ta cin sa da sauƙi. Amma a kayak mai santsi, idan ba a ɗame shi sosai ba, ana iya zare kwale-kwalen ta ƙarƙashinsa ta baya. Ni ina haɗa shi da waya ne, ba na barin sa shi kaɗai ya kwana.

Hannun ɗaukar da ke hanci da wutsiya fa, ba zan sa wayar a nan ba?

Kada ka sa. Duba shi da kyau: ko dai igiya ce ta riƙe shi, ko ƙananan kusoshi biyu da sukundireba zai warware. Wanda ya kulle ta nan, hannun ya tsare, ba kwale-kwalen ba.

Ban ga irin waɗannan wayoyin a kasuwa ba. Ana iya haɗawa a nan gida?

Ƙwarai kuwa, kuma nawa ma a nan aka haɗa shi. Ka je wurin masu kayan gini da ƙarafa, kamar a kasuwar Dei-Dei, ka nemi wayar ƙarfe mai murɗi, kaurin milimita 8 ko 10. Kafin ka je, ka auna kayak ɗinka da igiya: daga inda zargen zai cije zuwa ƙarfen kariya, da ƙarin abin naɗewa sau biyu ko uku. Ka sayi tiyon ba-ruwa mai laushi ka zura wayar a ciki kafin a rufe bakinta, don kada ta kankare fentin mota ko ta ci jikin kwale-kwalen.

Wurin rufe zargen ne ake yin kuskure. Akwai ƴan maƙalai masu noti biyu da ake matse waya da su, kuma su za a fara miƙo maka. Sifana ɗaya ta isa ta kwance su. Ka ce a matse maka da zoben ƙarfe wanda ake dannewa da inji, ko kuma in maƙalan ne kaɗai ake da su, ka kai wa mai walda ya ɗiga wuta a kan notin yadda ba za su sake juyawa ba. A ɗiga a kan noti kawai, kada a ƙona wayar, wuta tana kashe ƙwarinta.

Wanda kuma yake son abin saƙalawa na dindindin, ana iya huda bayan kujera a sa ƙarfe mai siffar takalmin doki wanda ba ya tsatsa, a sa faranti ta ciki, a toshe hudar da gam mai hana ruwa, a daddake bakin zaren notin. A yi hudar a sama, nesa da inda ruwa yake kaiwa.

Na kulle shi da kariya. Ita kariyar fa?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini, domin nan ne mutane suka fi sakaci. Yawancin kariyoyin da ake sayarwa maƙale su ake yi a bakin ƙofa ko a kan dogon ƙarfen rufin mota, a ɗaure da noti huɗu. Mai ɗan makullin noti a aljihu zai kwance ƙafafun huɗu, su ɗauke kayak da kariya da wayarka da kwaɗonka gaba ɗaya, su je gida su yanka a tsanake.

Kariyoyin Thule da Yakima da Rhino-Rack suna da gurbin makulli a kowace ƙafa, amma sau da yawa makullin daban ake sayar da shi, kuma in ka sayi kariyar ta hannu za ka tarar gurbin fanko ne, an toshe da roba. Ka duba naka yau. Idan babu makulli, mafita biyu ce. Ko a canza notin da irin waɗanda sai da makullinsu na musamman suke kwancewa, ko kuma ka ratsa wayar ta wani abu da yake jikin motar ne tun daga kamfani. Motoci masu dogon ƙarfe biyu a rufi, masu tazara tsakaninsu da rufin, nan ne wurin da ya fi. Na ga kuma waɗanda suka sa mai walda ya ƙera musu kariya. Tana aiki, sai dai a duba littafin mota a ga nauyin da rufin zai iya ɗauka, domin a ƙananan motoci da yawa bai wuce kilo 50 zuwa 75 ba, kuma nauyin kariyar kanta yana cikin lissafin.

Motata ba ta da kariya, katifar soso nake shimfiɗawa in ɗaure ta cikin ƙofofi.

To wayarka sai ta nemi jikin mota. In ka yi fakin, ka sauko da bakin wayar ka saƙala a ƙugiyar jan mota da ke ƙarƙashin gaba ko baya. Ko ka shigo da bakin cikin mota da kwaɗon a jiki, ka rufe ƙofa a kai ka kulle, kwaɗon ba zai fita ta tsagar ƙofa ba. Wannan na lokacin tsayawa ne kawai. Kada a yi tafiya da wayar ƙarfe a ratse cikin mota kusa da kan mutane, kuma da damina ruwa yana biyo ta ya jiƙa kujera.

Sarƙa ba ta fi waya ba? Wane kwaɗo zan saya?

Sarƙa mai taurin gaske ta fi waya wuyar yankewa da almakashin ƙarfe, wannan haka yake. Amma tana da nauyi, ba ta shiga ramukan kayak, tana kuma ɓata fenti. Na fi ganin amfaninta a gida, inda za a ɗaure kwale-kwalen da ginshiƙi. A kan mota waya ta fi dacewa.

Kwaɗo kuwa, araha ba ta ado. Ka nemi wanda wuyansa gajere ne, a ɓoye cikin jikinsa, yadda bakin almakashi ba zai samu wurin kamawa ba. Masu lambobi na araha a bar su ga jakar makaranta. Ka sa kwaɗon a tsakiyar rufi, inda sai mutum ya hau taya ya miƙe a bainar jama'a kafin ya taɓa shi. Ƙurar hunturu tana cika ramin makulli, ruwan damina yana sa tsatsa, don haka ka yanko guntun tsohon tub na babur ka sa masa hula. In ya fara cijewa, ka goga bakin fensir a jikin makullin ka shigar ka fitar sau da yawa. Man girki yana tara ƙura ne kawai.

Gaskiyar da ya kamata kowa ya riƙe ita ce, babu wayar da injin yankan ƙarfe mai batir ba zai raba ba. Abin da kulli yake saya maka lokaci ne da ƙara. Wanda ya zo da reza zai wuce. Wanda ya zo da inji sai ya yi tartsatsi da hayaniya, kuma amfanin hayaniya sai in akwai kunnen da zai ji. Shi ya sa inda ka ajiye motar ya fi abin da ka kulle ta da shi muhimmanci.

Ina tafiya, sai wayar tana jiki?

A cikin gari, e. Wanda ya san cunkoson Nyanya da Mararaba da yamma ya san mota tana iya tsayawa cik, mutane suna ratsawa ta ko'ina, kai kuma ba ka ganin abin da ke faruwa a saman kanka. Ba na tsammanin za a sauke kwale-kwale a nan, amma za a iya sa hannu a zare abin da ke cikinsa. Amfanin barin wayar a jiki kuma shi ne, in tsayawa ta kama ka ba shiri, ba za ka ce bari in shiga in fito yanzu ba tare da ka kulle ba. Ka dai ɗaure rarar wayar da kwaɗon da guntun roba don kada su yi ta dukan rufi.

Filafili da rigar ruwa, in tura su cikin kayak ɗin?

A'a, kuma wannan da jikina na koya. Wata tafiya dare ya yi mini a hanya, na kwana a wani masauki. Na kulle kwale-kwalen da waya biyu, na duba, na sake dubawa. Filafilina kuwa, mai rabuwa biyu, na tura shi can cikin hanci, na ce wa zai leƙa nan da daddare. Da asuba na fito da alwala a hannuna, na tarar da kayak yana nan daram, wayoyi ba wanda ya taɓa. Na sa hannu ciki, na shafa har kafaɗata ta shige, babu komai sai yashin jiya. Na tsaya a wurin na daɗe. Na yi tafiyar sa'o'i don in shiga ruwa, ga kwale-kwale, ba abin tuƙi, kuma ba abu ne da zan shiga kasuwar garin in saya ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: ni na ajiye shi inda hannu zai kai.

Tun daga ranar, duk abin da yake cirewa yana shiga but: filafili, riga, kujera, murfin ma'ajiya, sandar kamun kifi. A but, ba a kujerar baya ba, don kada a fasa maka gilashi saboda rigar ruwa.

Zan tafi Jos daga Abuja da shi. Me zan kula da shi a hanya?

Ka fita da sassafe yadda za ka isa da rana tsaka, wannan shi ne rabin tsaron. Hanyar Keffi da Akwanga zuwa Hawan Kibo tana da wuraren tsayawa da yawa, kuma kowace tsayawa dama ce ta duba ɗauri. Bel yana saki bayan tafiyar farko, don haka ka tsaya tun kafin Keffi ka sake ɗamewa, ka kuma duba kafin ka fara hawan. A ɗaure hanci da wutsiya da igiya zuwa gaba da bayan mota, domin iskar manyan motoci tana ɗaga kwale-kwale ta gaba.

In za ka ci abinci, ka ajiye motar inda za ka gan ta daga inda kake zaune, ko da za ka jira wani ya fita. In kuna da yawa a motar, ku shiga bi da bi.

In kwana ya kama, ka tambayi wurin fakin kafin ka tambayi ɗaki. Akwai katanga? Ana rufe ƙofa da dare? Fitila tana kaiwa wurin in an ɗauke wuta? Ka ja motar da baya har wutsiyar kayak ta kusa taɓa bango, ta yadda ba za a zare shi ta baya ba, in da hali kuma gefe ɗaya ya matsu da katanga ko wata mota. Wasu masaukan za su yarda ka sauke shi ka shigar da shi sito ko baranda, ka tambaya, ba a rasa masu yarda.

Sannan ka je wurin maigadi da kanka. Ka yi masa sallama, ka gaishe shi da aiki, ka ce, "Baba, ga amana na bar maka. Kwale-kwale ne, ni kaɗai zan taɓa shi, ko wa ya ce na aiko shi ba ni ba ne." Ka nuna masa wayar da kwaɗon, ka gaya masa lambar ɗakinka. Da safe ka ba shi na goro. Wannan ba cin hanci ba ne, mutum ne ya hana idonsa barci a cikin sanyi yana duba dukiyarka. Duk cikin abin da na lissafa a shafin nan, ban san wanda ya kai wannan gaisuwar aiki ba.

Idan ka isa Jos, ka tuna cewa madatsar Lamingo ruwan shan gari ce, kamar yadda ta Usuma take ga Abuja, don haka a nemi izini kafin a sa kwale-kwale. Tafkin Rayfield da ire-irensa kuwa tsofaffin ramukan haƙar kuza ne, suna da zurfi tun daga baki. Rigar ruwa dole ce.

Ranar Juma'a fa, ko in zan shiga kasuwar Wuse?

In ka san za ka je, ka sauke shi a gida tukuna. Ranar Juma'a mota takan tsaya nesa da masallaci, a gefen titi, kuma kowa ya san tsawon lokacin da mai ita zai yi bai dawo ba. Wani ya taɓa ce mini ai wanda ya je salla Allah zai tsare masa. Allah ne mai tsarewa, babu shakka, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. In ba yadda za ka yi, ka kulle, ka shiga wurin fakin da ake biya ana ba da kati.

In lulluɓe shi da tamfol in bar shi a kan mota har mako mai zuwa?

Kada ka bar shi. Mota mai kwale-kwale a kai kullum a ƙofar gida ɗaya tana ba mai niyya lokacin ya zo ya duba irin wayarka, ya koma ya dawo da abin yankanta. Ban da haka, rana ma ɓarauniya ce. Zafin Abuja a watan Maris yakan haura digiri 35, robar tana laushi, sai ka ga cikin kwale-kwalen ya lotsa daidai inda ya zauna a kan ƙarfe. Bel mai injin ɗamewa irin na manyan motoci yana ƙara wannan ɓarnar, shi ya sa na hannu ya fi. Baƙin tamfol da ya manne da jiki kuma zafi yake tarawa. Tamfol yana da amfani na dare ɗaya a hanya, don rage idon mutane.

A shingen bincike za a tambaye ni takarda?

Ana iya tambaya, domin kaya ne da ba a saba gani ba. Ka ajiye kwafin rasit a mota da hotonsa a waya, da takardar kwastan in daga waje ka shigo da shi. In ya zarce bayan mota, ka ɗaura jan ƙyalle a wutsiya. Ka sauke gilashi, ka ce, "Yallaɓai, kwale-kwalen wasa ne, ga takardarsa." Ni ina jin daɗin wannan tambayar, domin ranar da aka sace nawa, ita ce za ta tare wanda ya ɗauka.

Yaya zan yi masa alamar da zan gane shi?

Fara da lambar da ya zo da ita. Kwale-kwalen da aka yi don kasuwar Amurka tun daga 1972 suna ɗauke da lambar jiki mai haruffa da alƙaluma 12, yawanci a wutsiya ta hannun dama, an zana ta a cikin robar. Ka ɗauki hotonta ka rubuta ta a wani wuri daban.

Sannan ka yi taka alamar. Fenti ba ya kama irin wannan robar sosai, sitika kuma ɓarewa take yi. Abin da yake zama shi ne rubutu da bakin ƙarfe mai zafi, irin na masu gyaran rediyo. A rubuta a hankali, sama-sama, kada a huda. Ka sa ɗaya a fili, ɗaya kuma a ɓoye, ƙarƙashin kujera ko can cikin ma'ajiya inda sai da tocila za a gani. Ɓarawo zai kankare ta filin ya ɗauka ya gama. Ka kuma ɗauki hoton tabon da duwatsu suka yi masa a ƙarƙashinsa, domin babu kayak biyu masu tabo iri ɗaya.

Na'urar bibiya tana da amfani?

Tana da shi, da iyakarta. AirTag na kamfanin Apple, wanda ya fito a 2021, ba shi da layin waya. Yana dogara ne da wayoyin iPhone da suka gifta kusa da shi su ba da labarin inda yake. A Maitama ko Wuse zai yi magana, a ƙauyen da ke bayan dutse yana iya yin shiru kwana da kwanaki. An kuma yi shi yadda zai sanar da wanda yake tafiya da shi ba da saninsa ba, don haka ɓarawon ma yana iya samun gargaɗi. Batirinsa yana kai kimanin shekara. Na'ura mai layin waya irin ta motoci ta fi faɗin daidai wurin, amma sai ana yi mata caji. Ko wacce ka zaɓa, ka sa ta a leda mai hana ruwa ka manne ta can cikin hanci. In ta nuna maka gida, kada ka je kai kaɗai, ka kai wa ƴan sanda.

Inshorar motata za ta biya?

Inshorar dole da yawancinmu muke yi, wadda ta koma naira 15,000 a farkon 2023, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba kayanka ba. Ko mai cikakkiyar inshora ya tambayi kamfaninsa a rubuce ko kayan saman mota suna ciki.

An riga an sace. Me zan yi yanzu?

Allah ya mayar da alheri. Ka ɗauki hoton wurin da guntun wayar kafin ka taɓa komai. Ka tambaya ko akwai kyamara a wurin ko a shagon da ke kallonsa, a ranar, domin na'urorin suna goge tsohon hoto da kansu. Ka kai rahoto ofishin ƴan sanda na yankin da abin ya faru, da rasit da lambar jiki da hotuna.

Daga nan sai ka baza labari inda kwale-kwale zai iya fitowa. Masu jiragen haya a bakin Jabi sun san kusan kowane kwale-kwale da ke shiga tafkin, kuma baƙo ba ya ɓuya a idonsu. Ka kai hoto wurin shugabannin masu sayen roba da ƙarfe a panteka, da ladabi, ba da zargi ba, yawancinsu masu neman halal ne kuma ba sa son kayan da zai jawo musu ƴan sanda. Ka riƙa duba shafin saye da sayarwa na Jiji da kasuwar Facebook har tsawon watanni. In ka gan shi, kada ka rubuta "wannan nawa ne", za a sauke tallar nan take. Ka adana hoton tallar ka koma wurin ɗan sandan da ke riƙe da maganarka.

In na kama mutum yana kwancewa fa?

Ka yi magana da ƙarfi daga nesa, ka kunna ƙarar mota, ka kira maigadi. Yawanci gudu zai yi, ka bar shi ya gudu. Mai yankan waya yana da ƙarfe a hannu. Ina kuma roƙonka da babbar murya, kada ka tara masa jama'a. Mun san abin da ihun "ɓarawo" yake jawowa a tasha ko kasuwa, kuma wani lokaci yaro ne kawai ya tsaya yana shafa abin da bai taɓa gani ba. In an riƙe mutum, a miƙa shi ga hukuma da ransa da lafiyarsa. Lambar gaggawa ita ce 112.

An kawo mini na hannu da araha. In saya?

Ka duba wutsiya ta dama. In an kankare lambar ko an narke wurin, ka bar shi. Ka tambayi mai shi inda ya saya da inda yake shiga ruwa da shi, ka ce ya nuna maka yadda ake gyara wurin taka ƙafa. Wanda ya yi shekara yana tuƙa abu zai nuna maka ba tare da tunani ba. Kayak da aka kawo ba filafili, ba kujera, ba rasit, mai shi kuma yana sauri, abin tsoro ne. Karɓar kayan sata da sani laifi ne a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Abuja. In kun daidaita, ku rubuta takardar ciniki da shaidu biyu da lambar jikin a ciki.

Duk wannan ya yi mini yawa. Babu hanya mai sauƙi?

Akwai kayak da ake hurawa da famfo. In an sace iskarsa yana naɗewa ya shiga jaka, jakar ta shiga but, ba wanda ya san kana ɗauke da shi. Ba ya gudu kamar mai tauri, iska tana tura shi gefe, kuma sai ka shanya shi ya bushe sarai kafin ka naɗe, in ba haka ba ya yi fumfuna. Amma ga wanda yake zaune a bene a Gwarinpa ko Kubwa, ba shi da garejin kansa, kuma ruwan da zai shiga mai kwanciya ne irin na Jabi, shi nake ba shi shawara ya fara da shi. Ka nemi mai ɗakunan iska uku, don in ɗaya ya huje sauran biyun su kai ka gaɓa, ka kuma riƙa rage masa iska kaɗan in zai daɗe a rana a bakin ruwa.